Ba a Amsa Sallama da Kunne

Jama'ar Adar, na gida da na nesa, har da ƴan uwanmu da ke ci-rani a Abijan, Kwatano, Legas, Kamaru, Libiya da Aljeriya. Yau maganata da masu saurare ce, wato da mu duka, kuma ba mai daɗi ba ce. Wanda ta taɓa shi yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wata magana da ta kama bakinmu a Tahoua: "Mu dai ƴan saurare ne." Ka tambayi mutum ko ya ji shirin da anka yi a rediyo kan wahalar ruwa a unguwarsu, sai ya ce ya ji tun daga farko har rufewa. Ka ce masa, to kai mi ka ce? Ya ce a'a, shi ɗan saurare ne kawai. Kuma da natsuwa yake faɗinta, har da ɗan alfahari, kamar mai cewa bai taɓa cin bashin kowa ba. To ni dai na ce babu abin alfahari a nan. Lalaci ne munka naɗa wa rawani munka sa masa suna kawaici, kuma yana ci mana gari.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Mai gabatar da shiri ya kawo batu, ya yi bayani, ya buɗe layi, ya ce jama'a bismilla. Su wa ke kira? Mutanen jiya, su ne na shekaranjiya. Muryoyin da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, waɗanda ko yaro ya ji "alo" ɗinsu ya san ko wane ne. Wasunsu ma batun bai dame su ba: ina gaida Alhaji wane, ina gaida ƴan fadarmu, ina gaida uwar ɗiyana, sai lokaci ya ƙare. A daidai wannan sa'a kuwa, tun daga Bilbis har Fakoua, kowace fada ta ɗora shayi, an baje batun an yi masa filla-filla. Akwai wanda ya san ranar da pampo ya daina zuba. Akwai wanda ya san nawa ƴan garuwa sunka maida bido. Akwai wanda matarsa ke tashi kafin asuba ta bi layi. Duk wannan sani yana zaune kan tabarma. Garwashi na mutuwa shi ma ya mutu, kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi gida. Gobe a ce rediyo ba ta faɗin gaskiya. Wa zai ba ta gaskiyar, in masu ita sun riƙe abinsu?

Malamanmu sun karantar da mu cewa yin sallama sunna ce, amsa ta kuwa wajibi. Shirin da anka buɗe wa jama'a layi sallama ce anka yi wa gari, kuma ba a amsa sallama da kunne. Na san wani zai ce ai in mutum ɗaya cikin taro ya amsa, ya ɗauke wa sauran. Gaskiya ne, don amsar sallama iri ɗaya ce a bakin kowa. Amma in anka tambayi Adar yaya damina, amsar mutumin Kalfou ba za ta ɗauke wa mutumin Takanamatt ba, don ruwan da ya sauka can bai sauka nan ba. In anka tambayi halin da lakwal ke ciki, abin da uban yaro ya gani a Affala daban, abin da mushe ya gani a Barmou daban. Kowa da ƙyallen da ke hannunsa, sai an haɗa ake samun riga.

Wagga ɗabi'a kuma ba gadonmu ba ce. A 1962, shekara biyu da samun ƴancin kai, zamanin Diori Hamani, anka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo ta Nijar, wadda anka fi sani da Radio-Clubs. Tsarin mai sauƙi ne. Da dare mutanen gari su taru gindin akwatin rediyo guda, su saurari shiri kan noma ko kiwon lafiya ko zaman iyali. In an gama, mai jagorar kulob, wanda sau da yawa mushen lakwal ne, ya buɗe mahawara, ya ɗauki muryoyin mutane a faifai, ya aika Yamai. Can a tace, a saka cikin wani shiri, manomi ya ji muryarsa ta fito daga akwati, mutanen wata jaha su ji abin da ya ce. Akasarin waɗannan mutane ba su taɓa zama ajin boko ba, faifai kuma sai ya yi kwanaki a hanya. Duk da haka sun amsa.

Mu Adarawa ma muna da tamu ta cikin gida. Kafin salula, ɗan ci-rani a Abijan kan zauna ya cika kaset da magana, ya ba mai zuwa gida. A taru a tsakar gida a saurara, tsohuwa na share hawaye. Daga nan a nemo batir, a sa wani kaset, kowa ya yi tasa: uba ya faɗi abin da gona ta bayar, uwa ta yi addu'a, mata ta yi magana a kaikaice saboda kunya, ƙane ya roƙi takalmi. Ba a taɓa jin gidan da ya karɓi kaset ɗin ɗansa ya ce mu dai ƴan saurare ne ba. Sun san ranar da anka daina mayar da amsa, zumunci ya fara tsinkewa ke nan.

Tun daga nan ƙofofi sai ƙara buɗewa suke. Babban taron ƙasa da anka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, rediyo ta kawo shi kai tsaye, mutane sunka ji ana faɗin abubuwan da a da sai dai a raɗa, har da abin da ya faru a Tchintabaraden, nan cikin jaharmu, a watan Mayu 1990. A 1994 gidajen rediyo masu zaman kansu sunka fara aiki. A 1999 anka buɗe gidan rediyon karkara na farko a Bankilare, yau irinsa sun bazu har garuruwan jaharmu. A 2001 salula ta shigo. Yanzu ga saƙon murya, wanda ko karatu ba ya buƙata: ka danna, ka yi magana, ka saki. Su da hanya ta yi musu nisa sun amsa, mu da ta zo mana har aljihu mun zama bebaye.

Wani zai ce, to in na yi magana mi za ta ƙara? Bari mu fara da kasuwa, tunda nan ne kowa ke ganewa da sauri. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar a shekarun da salula ke bazuwa, daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda layi ya kai, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Yaya anka yi? Ɗan kasuwa ya kira ya tambaya nawa buhu a can, na can kuma ya buɗe baki ya faɗa masa. Da na can ya ce shi ɗan saurare ne, da salula ba ta amfani kowa ba. Haka yake har yau: in mutum biyar daga kasuwa biyar sunka faɗa a rediyo nawa tiyar hatsi ta kwana, mai niyyar tsawwala wa talaka a kasuwar Lahadi ta Tahoua sai ya sake lissafi.

Sannan mu tuna 2005, don waɗanda sunka gan ta ba su manta ba. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta sauka kan abin da ya rage, jahar Tahoua na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mutanen ƙauye sun san rumbu wayam yake tun kaka. Sun san ranar da anka koma cin anza. Amma duniya ba ta motsa da gaske ba sai a watan Yuli 2005, da hotunan yara daga Maradi sunka fita a telebijin na Turai, kuma ko bayan haka marigayi Shugaba Tandja Mamadou ya tsaya kan cewa babu yunwa a ƙasar. Tsakanin ranar da manomi ya sani da ranar da duniya ta sani watanni ne, kuma cikin watannin nan anka binne yara. A 2010, da anka sake shiga irin wannan hali, gwamnatin Salou Djibo ta fito da wuri ta amsa cewa akwai yunwa, taimako kuma ya fi saurin zuwa. Mutanen 2005 suna da uzuri, ƙauyuka da yawa ba layi ba salula. Mu na yau, in tsutsa ta shiga hatsi a Tebaram ko ƙyanda ta ɓulla a wata ruga, munka gani munka yi shiru, wane uzuri za mu kawo?

Ga kuma ƴan uwanmu na waje. Jaharmu ta yi suna wajen ci-rani, akwai ƙauyukan da in rani ya yi sai tsofaffi da mata da yara. Mai ɗan tebur a Adjame yana sauraren labarin gida ta salula, kuma da abin da ya ji yake yanke shawara: nawa zai aiko ta Nita ko Al Izza, ko ƙungiyar ƴan garinsu za ta sa kuɗinta a rijiya ne ko a aji ko a masallaci. In mutanen gida ba su magana a fili, labari zai riƙa zo masa ta bakin mutum ɗaya, kuma sau da yawa mutumin nan shi ne mai son kuɗin su biyo ta hannunsa. Amma in ya ji mutum uku na garinsu, kowa da sunansa, sun ce rijiya ce matsalarmu, ya san inda zai sa guminsa. Ku ma na waje maganar ta hau kanku. Ku riƙa faɗin gaskiyar halin da ake ciki can, don yaron da ke shirin saida akuyar uwarsa ya kama hanyar Agadez ya ji daga bakin wanda ya taka ta.

Kada kuma mu ɗauka in mun yi shiru filin zai zauna ba kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In masu sani sun ja baya, mutum uku ke gaje wurin: maroƙin da ke yabon wanda ya ba shi, ɗan kanzagin da anka saya wa kati don ya kira ya ce komi lafiya lau, da mai jita-jita. Na ukun ya fi haɗari. Mu da ke arewacin Adar, gab da Azawak, mun san tsaro ba abin wasa ba ne. Ba mu manta da 21 ga Maris 2021 ba, ranar da anka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tillia. A irin wannan wuri, saƙon murya guda na ƙarya, ba suna ba gari, "an ce an ga wasu a wuri kaza", ya isa ya watsa kasuwa, ya isa ya sa Bahaushe ya fara kallon maƙwabcinsa Bafulatani ko Ba'abzine da wani ido. Kuma duk lokacin da irin wannan saƙo ke yawo, akwai direban da ya biyo hanyar da safe ya san ƙarya ce. Akwai ma'aikaciyar likita da ta san ba a kawo kowa ba. Sun ji, sun yi tsaki, sun aje salula. Abin da ya shafi tsaro na gaske a kai shi ga hukuma, wannan ba gardama. Amma ƙaryar da ka san ƙarya ce, in ka bar ta ta wuce ta gabanka, kai ma ka ara mata ƙafa.

Yanzu bari mu bi uzurorin ɗaya bayan ɗaya.

Na farko tsoro, kuma ba na raina shi. Akwai dokar laifukan intanet ta 2019, kuma a watan Yuni 2024 anka maido da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna da yaɗa abin da ke iya tada hankalin jama'a. Kalmomin dokar suna da faɗi, dole mai hankali ya auna bakinsa. Amma a duba mi ake nema gare mu. Ka ce pamponmu sati uku ba ruwa. Ka ce ajin zana na ɗiyanmu iska ta kwashe shi. Ka ce hanyar Tahoua zuwa Agadez ta cinye mini taya biyu. Wa ka zaga? Sunan wa ka ɓata? Abin mamaki, wanda ke tsoron faɗin abin da idonsa ya gani da sunansa, shi ne ke tura saƙon da bai san mai shi ba ga mutum hamsin kafin ya gama shan kunu. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ke iya kai mutum gaban alƙali.

Na biyu: "Ko an hwaɗi ba a yin komi." Wani lokaci haka ne. Murya ɗaya ana iya toshe mata kunne, a ce ɗan adawa ne ko mai neman suna. Murya goma daga unguwa goma, kowace da rana da wuri, ta fi ƙarfin a ce ƙage. Sannan a tuna a watan Afrilu 2024 anka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, anka naɗa kantomomi. Kansilan da kake tarewa a ƙofar masallaci ka yi masa ƙorafi ya sauka daga kujera. Kantoma ko yana da niyyar alheri ba zai gyara abin da bai ji ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In mai ɗaki ya yi shiru, kada ya ga laifin magini.

Na uku kuɗin kira. Talauci gaskiya ne. Amma fadar da ke iya haɗa kuɗin shayi da sukari kowane dare, da na kallon bidiyon barkwanci har ƙarfe ɗaya, tana iya haɗa na kiran minti biyu. Ku gama gardamarku, ku tsayar da magana, ku ba mutum ɗaya salula ya faɗa da sunan fada. Abin da kakanninku sunka yi ke nan a Radio-Club, ku ba ma sai kun jira mota ta kai faifai Yamai ba.

Na huɗu: "Ni ban yi lakwal ba, ban iya magana ba." Wa ya ce maka ana kiran rediyo don a ci jarrabawa? Wasunmu in sun kira sai su shiga karya harshe, suna kwaikwayon Hausar Kano ko suna cusa Faransancin da bai zauna ba, har maganar ta ɓace. Yi abinka da Adaranci. Ka ce "mi", ka ce "tahi", ka ce "munka gani". Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a rubuce, kuma Hausar Adar ba bara ta zo yi ba. Makiyayin da ya san wace rijiya ta ƙafe tsakanin Abalak da Tchintabaraden ya fi mai digiri sanin wannan batu, ko da Tamashek ko Fulatanci zai faɗe shi.

Na biyar, wanda ya fi ci mini rai, shi ne na mata. Su ne sunka fi kowa saurare, rediyo na rataye ana daka ana wanki. Su ke riƙe gida watanni in maza sun tafi. Su ke bin layin ruwa, su ke kai yaro likita, su ke auna tiya. Amma in an buɗe layi sai ka ji maza na bayanin wahalar da ba su ke shan ta ba. Mun ce kunya, mun ce muryar mace ba ta fita. To a tambayi mutanen Keita. Da aikin farfaɗo da ƙasa ya fara can a 1984, da taimakon Italiya da FAO, mata ne akasarin waɗanda sunka ɗauki duwatsu a ka, sunka haƙa ramuka, sunka dasa itatuwa kan tuddan da sunka ƙeƙashe, maza na ci-rani. Ranar ba wanda ya ce kunya ta hana su fita. Macen da ta iya ɗaukar dutse don gari ta iya faɗin ra'ayinta kan gari. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da sunka samo asali a Maradi a 1991, suna zama kowane mako kan asusunsu. In an gama zubi, mi zai hana a ɗauki saƙo ɗaya da sunan ƙungiya a aika? Kai kuma maigida, in ba ka iya ƙarfafa ta, to kar ka karɓe salular.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'aikatan rediyo, ku ma da naku. Kun san dalilin da ya sa muryoyin nan ƴan kaɗan ke samun layi kullum: suna da lambarku ta aljihu. Mutumin ƙauye ya hau tudu neman layi, ya samu da ƙyar, yana cikin gaisuwar ladabi ku katse shi don bai iya sauri ba, ku bar wanda ya saba yana ta zuba. Mutum ya kawo kuka yau, mako mai zuwa kun koma wani batu, ba wanda ya je ya tambayi mai alhakin abin, ba wanda ya dawo ya ce ga abin da anka ce. Wanda ya amsa sallama shi ma yana jiran a ce masa yaya gida. In kunka bar shi tsaye, ba zai sake ba. Ku ware lokacin gaishe-gaishe daban, gaisuwa ma zumunci ce ba mu raina ta ba, amma kar ta cinye lokacin batu. Ku ware wa mata da mutanen ƙauye nasu kira. Ku kuma shugabannin ma'aikatu, in an gayyace ku ku zo. Jami'in da ya zo ya ce inji ne ya lalace, kayan gyara na hanya, ranar kaza muke sa rai, ya kashe jita-jita ashirin da magana ɗaya.

To wace irin amsa muke nema? Ba doguwa ba. Ka faɗi sunanka da garinka, don magana mai suna ta fi nauyi, mai ita kuma ya fi auna ta. Ka faɗi abu ɗaya da idonka ya gani, da rana da wuri. In ji ka yi, ka ce ji na yi. In za ka saɓa wa wanda ya riga ka, ka kama maganarsa ka bar ubansa da ƙabilarsa da jam'iyyarsa. In an gyara abin da ka yi kuka a kai, ka sake kira ka ce an gyara, mun gode, don wanda ba ya godiya ba a daraja kukansa.

Mafi girma duka, ku riƙa amsa wa juna, kar ku tsaya kan mai gabatarwa kaɗai. A nan ne jama'a ke ƙulluwa. In wani daga Affala ya ce tsutsa ta kama masa hatsi, na Bambeye ya kira ya ce malam wane na ji ka, mu ma haka, ga abin da munka gwada, to garuruwa biyu da ba su san ciwo ɗaya suke ba sun san juna. Gobe in na Affala ya shigo kasuwar Lahadi zai nemi mai muryar nan su gaisa. Masu zaɓi-sonka na da sun san haka: mutane sun yi shekaru suna gaida juna ta akwati kafin su haɗu, daga baya sunka zama masu zuwa suna da biki da ta'aziyyar juna. In yarinya ta yi ƙarfin hali ta kira karo na farko, murya na rawa, wani babba ya ambace ta ya ce maganar da yarinyar nan ta yi gaskiya ce. Wannan kalma ɗaya ita ke sa ta sake kira, ta kuma jawo ƙawarta. Taron da kowa ya fuskanci akwati ba ya tanka wa na kusa da shi, zaman ƴan jiran mota ne a tasha, mota na zuwa kowa ya kama gabansa.

Kuma kar wani ya ce mu mutanen Tahoua magana ce ba mu iya ba. A nan garin anka yi kokowar ƙasa ta farko a 1975. Har yau in lokacin takobi ya zo, layi ba ya shiga don yawan kira. Tsoho da yaro, mace da namiji, na gida da na Abijan, kowa ya san wa alƙali ya cuta, kowa ya san kamun da ya kamata a yi. Ba mai kukan kuɗin kati, ba mai cewa ban yi lakwal ba. Ranar babu ɗan saurare ko ɗaya a Adar. Ba na ƙin kokowa, tamu ce. Amma takobi ƴan kwanaki ne a shekara, ƙishirwa kuwa da tsadar hatsi da ajin da ba malami suna nan sauran kwanakin duka.

Don haka shiri na gaba da za a buɗe layi kan abin da ka sani, kar ka jira mutanen jiya su yi maka. Gama shayinka, ɗauki salula, faɗi sunanka da garinka da abin da ka gani. In layi bai shiga ba, aika saƙon murya. In ba a saka ba, sake aikawa, ka kuma tambayi dalili. Wanda bai yarda da abin da na faɗa ba, shi ma bismilla, shi fito shi kawo hujjarsa. Ya fi mini wanda zai gyaɗa kai ya wuce.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi kai ƴan ci-raninmu lafiya shi maido su lafiya, shi zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum, kuma ana jiran amsa.